Tonon Ƙasa a Kurmin Hanyar Mbaiki

A unguwar Kilomita Biyar aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure, kuma har na haifi 'ya'ya huɗu ƙafata ba ta taɓa taka daji ba. Abin da na sani na daji shi ne abin da ake kawowa kasuwa, gawayi da rogo da zuma a kwalba, sai goron da maigidana yake ɗaukowa a bayan keke. Na faɗi wannan tun da fari don wanda ya ji abin da na yi ya yi mini uzuri.

Malam, haka nake kiransa, sana'arsa goro. Duk mako yakan hau keke bayan sallar asuba, ya ƙetare gadar Kilomita Tara, ya bi hanyar Mbaiki zuwa wani ƙauye a bakin kurmi, wurin wani dattijo mai itatuwan goro. Ya kwana ɗaya, ya dawo. Shekarar da sojoji suka yi bore, a karo na biyu, farkon damina, ya tafi da safe kamar yadda ya saba. Kafin azahar harbi ya tashi a gari.

Mun riga mun koyi abin yi tun boren farko. Aka jingina katifa a taga, yara suka shige ƙarƙashin gado, ni da Inna, uwar Malam, muka kwanta a siminti. Titin Koudoukou da ko allura ka jefa ba ta samun wurin faɗuwa ya zama wayam, kantuna a rufe, maza a bakinsu da sanduna. Kwana ɗaya, Malam bai dawo ba. Na ce ya ji labari ne ya tsaya. Kwana biyu. Kwana uku. Duk ƙarar keke da na ji a lungu sai na miƙe, Inna ta ja zanena ta ce in kwanta, harsashi bai san mai jiran miji ba.

A rana ta huɗu wani mai gawayi ya shigo unguwa ta hanyoyin bayan gida. Ya ba da labari a masallaci cewa can gaba da gada ya ga keke mai koren kwando da ƙararrawa biyu a hannun wani mai bindiga. Ya kuma ji ana cewa waɗanda aka tare a wurin ana kora su cikin kurmi, daga nan sai a ji harbi. A duk Kilomita Biyar keke ɗaya ne mai ƙararrawa biyu.

Wan Malam ya zo ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata, ni ina bayan labule. Ya ce, “Inna, in Juma'a ta yi ba labari, sai a yi masa sallah daga nesa, ita kuma ta shiga takaba.”

Inna ta ce, “Ba wanka, ba sutura? A bar mini ɗa a daji kamar mushe?”

Ya ce, “Wa zai je, Inna? Namiji ba ya wuce shingen da masu bindiga suka kafa a gada. Jiya ma biyu suka gwada.”

Ni ba a tambaye ni ba. Amma a raina na ce ni ba zan zauna wata huɗu da kwana goma a kan labarin mai gawayi ba. In yana raye in gan shi, in ya mutu in rufe shi da hannuna.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata maƙwabciya, Kirista ce, 'yar mutanen kurmi, tana sayar da ganyen miya da take yankawa siri-siri. Shekara goma muna ba juna gishiri da wuta ta kan katanga. Ban taɓa cin abin tukunyarta ba, ita ma ba ta taɓa jin haushi ba. Mai Ganye nake ce mata, ita kuma ta ce mini Matar Malam, da yaren Sango muke magana. Da yamma na leƙa na gaya mata. Ta ce garin rogonta ya ƙare, dama gobe za ta ƙauyensu, kuma ƙauyensu da na dattijon goro rafi ɗaya suke sha.

Ta ce, “Mace da kwano a ka tana wucewa. Amma ba da wannan lulluɓin naki ba. Daga nesa za a ce ga matar Alhaji ta taho da kuɗi a ƙugu.”

Na ce, “In fita ba mayafi?”

Ta ce, “To zauna. Ki aika mayafin ya nemo miki shi.”

Da asuba na buɗe akwati na ɗauko farin alawayyo da Inna ta ajiye don ranarta. Tana kallona, ba ta hana ni ba. Na naɗe shi a ƙasan kwano na rufe da tsumma. Mai Ganye ta ba ni tsohuwar rigarta, ta ɗaura mini ɗankwali irin nasu, wuyana da kunnuwana duk a waje. Tun da na yi wayo iska ba ta taɓa taɓa wuyana a titi ba. Mun yi 'yar tafiya sai ta dubi ƙasa ta ce, “Wayyo ni, lalle!” Ƙafafuna jajir, sati biyu da yin biki. Ta tsayar da ni a bakin kwata ta shafe mini su da laka har idon sawu.

A gada muka tarar da su, sun gicciye itace da ganguna. Ban san ko 'yan bore ne ko masu biyayya ba, riga iri ɗaya ce. Wanda ya tare mu saurayi ne, idanunsa ja, agogo uku a hannu ɗaya. Ya sa bakin bindiga ya ɗaga tsumman kwanona, farin ƙyalle ya bayyana.

Ya ce, “Wannan fa, mama?”

Mai Ganye ta ce, “Na tace rogo ne, ɗana. Ko uwarka ba ta tace rogo?”

Ya ce, “Ita ba ta da baki ne?”

Ta ce, “Kishiyata ce, tun jiya muke faɗa. Ka barta, in ta buɗe bakin nan har kai ba za ka tsira ba.”

Sauran suka yi dariya, ya kore mu da hannu. Ina wucewa ina duban gefen ido ko zan ga keken. Ban gan shi ba. Na ga dai takalma da yawa a zube a gefen hanya, ba masu su.

Muka yi ta tafiya, rana ta hau ta karkata. Duk motar da muka ji sai mu faɗa ciyawa. Wajen la'asar Mai Ganye ta ce ba za mu bi bakin ƙauye ba, don ba a san wanda ke zaune a can ba, za mu yanke ta kurmi. Muka bar kwalta muka shiga wata 'yar siririyar hanya.

Ni dai da rimi nake auna girman itace. Waɗannan sun fi rimi. Jikinsu sumul, launin toka, ba reshe ko ɗaya har sai wuyanka ya yi ciwo da kallo, can sama kuma sun haɗa kai sun rufe rana. Saiwoyinsu sun taso daga ƙasa kamar katangu, wasu sun fi ni tsawo. Ga sanyi kamar cikin randa. Kuma tsit. Kwana biyar kunnena yana cike da harbi, yanzu babu komai sai ɗigar ruwa daga ganye, kuma wallahi shirun nan ya fi harbin ba ni tsoro. A gindin itatuwan, iya ganin ido, wasu ƙananan furanni ne shuɗɗa, sun rufe ƙasa kamar an kifar da ruwan bula na wankin unguwa guda. Ban san sunansu ba, har yau ban sani ba. Suna da kyau. Na ji haushin kyansu.

Mun isa inda hanya ta rabu biyu, Mai Ganye ta sauke kwano. Ta ce danginta in an yi tashin hankali sukan bar ƙauye su koma bukkokin gona, za ta gangara rafi ta duba wace hanya ce ke da sabon sawu. Ta ce, “Zauna nan a kan saiwar nan. Kada ki motsa, Matar Malam. Nan ba kasuwa ba ce.”

Ta tafi. Na zauna. Ina zaune idona ya kai can gefen dama, inda shuɗin nan ya yanke. Wani wuri baƙi a tsakiyar furanni. Na miƙe don in gani da kyau.

Ƙasa ce da aka tone sabuwa, a jiƙe, an juye ta, furannin a kife saiwarsu a sama. Tsawon wurin ya kai tsawon mutum a kwance. Gaba da shi ga wani. Ga wani kuma a gicciye. Na ƙirga bakwai, na daina ƙirgawa.

Ni abin da na sani a duniya, ƙasa ba ta tone kanta. In ka ga sabuwar ƙasa tsawon mutum, a inda ba gona ba, a inda aka ce ana kora mutane, to me za ka ce? Na duba yadda suke kwance, wannan ya dubi nan wancan ya dubi can, babu wanda aka daidaita da alƙibla. Na ce lallai, waɗanda ba su san sallah ba ne suka rufe su, cikin gaggawa, ko zurfi ba su yi ba. A bakin na biyun na ga guntun baƙar roba, irin wadda ake yankowa daga tsohuwar tayar ciki a ɗaure kaya a keke. Kowa a ƙasar nan da ita yake ɗaure kaya, mai itace da mai gawayi da mai rogo. A lokacin ni ban tuna da kowa ba.

Na ɗauko alawayyon na shimfiɗa a gefe. Na durƙusa, na yi bisimilla, na fara tono da hannu. Ina tono ina ce masa, Malam ka yi haƙuri, ni ce, na zo. Ƙasar tana da taushi, tana da wani wari mai kauri da ban taɓa ji ba, na ce warin mutuwa ke nan. Yatsuna suka ci karo da wani abu mai tauri, fari. Na share ƙasar a hankali, na jawo shi. Wata saiwa ce kamar doya, an gatse rabinta. Ko wannan bai farkar da ni ba. Na jefar na ci gaba, har gwiwar hannuna ta nutse, farcena biyu suka karye ban ji ba. Da ban samu komai ba na rarrafa zuwa na gaba.

Ina cikin na uku na ji gurnani a bayana.

Na ɗauka mutum ne. Na ɗauka wanda ya rufe su ne ya dawo. Na yi kalmar shahada, na juya a kan gwiwoyina.

Yana tsaye bai fi taku goma ba. Ja ne, jan ƙasa, da farin layi a gadon baya, kunnuwansa dogaye da tuntu a ƙarshe, fuskarsa kamar an shafa mata alli. Girmansa ya kai babban rago, amma a cure, ba wuya. Hancinsa duk ƙasa. Ban san ko mene ne ba. Aladen gida ma in na hango shi a unguwannin da ake kiwonsa kau da kai nake yi in tofar da yawu, ko sunansa ba ma faɗa a gidanmu, sai mu ce dabban nan. Ban taɓa tsayawa na dube shi ba, balle na daji. Wallahi abin da ya zo mini shi ne wani abin kurmi ne mai cin gawa, ya zo ya tarar da ni a kan abincinsa.

Sai ciyawa ta motsa, wasu suka fito. Biyar, shida, da wata babba mai nonuwa, 'ya'yanta a bayanta masu zane-zane kamar kankana. Babban ya sunkuyar da kai, gashin bayansa ya miƙe, ya kaɗa haƙora. Ƙas, ƙas, ƙas. Na ga fararen haƙoran ƙasa, gajeru, kamar wuƙar yankan farce. Duk addu'ar da na sani ta gudu. Ayar Kursiyyu da nake karantawa tun ina 'yar shekara bakwai, na kama farkonta na rasa tsakiyarta.

Can na ji murya ƙasa-ƙasa daga hagu. Mai Ganye ce, ta hau kan wata doguwar saiwa ta manne da jikin itace.

Ta ce, “Kada ki gudu. Kada ki dube shi a ido. Ja da baya, a hankali, wajen muryata.”

Na ce, “Ƙafata ba ta tashi.”

Ta ce, “To rarrafo, 'yar birni, ai kin iya rarrafe. Kada ki bi ta wajen 'ya'yan.”

Na fara ja da baya a kan gwiwa, ina murƙushe furannin. Shi kuma yana matsowa, in na ja taku ɗaya ya ci taku ɗaya, yana huci. Bayana ya taɓa saiwa. Mai Ganye ta sunkuyo ta kama ni ta hammata, ita da ba ta kai ni jiki ba, ta fizge ni sama. A daidai nan ya zaburo. Na ji iskarsa a tafin ƙafata, na ji haƙorinsa ya karci itacen, takalmina ɗaya ya faɗi. Ya juya ya koma kan alawayyon, ya tattake shi, ya sa hanci ya ɗaga shi ya yar, ya sake tattakewa.

Muka tsaya a kan saiwar nan da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, rungume da itace, rungume da juna. Su kuwa suka manta da mu. Ina kallo da idona suka kafa hanci a cikin furanni suna turawa gaba, ƙasa tana juyewa kamar garma ta bi, suna ciro saiwoyi suna taunawa. Kafin su gama, ga wani sabon wuri baƙi, tsawon mutum a kwance.

Da suka gangara rafi, muka daina jin su, Mai Ganye ta dubi hannuwana, ta dubi ramukan da na tona, ta dubi farin ƙyallen a cikin laka. Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta fasa.

Ta ce, “Nan kika neme shi?”

Na ce, “Na ga ƙasa a tone.”

Ta ce, “Yaro ɗan shekara uku a ƙauyenmu ya san tonon alade. Ke kam, Matar Malam.” Ta goge mini fuska da bakin zanenta. “Sauko. Babu kowa a nan, tun da aka halicci kurmin nan babu kowa a nan.”

Ya kamata in yi murna. Amma ina saukowa wani tsoron ya kama ni wanda ya fi na farko. Ɗazu ina da wurin da zan tona. Yanzu kurmin ya buɗe ta ko'ina, itace bayan itace, kuma yana iya kasancewa a gindin kowanne. Alawayyon ban ɗauka ba, abin da ya taɓa shi ya riga ya taɓa shi. Na bi Mai Ganye da takalmi ɗaya.

Ta ce ta ga sabon sawu a hanyar hagu. Muka bi ta, muka ƙetare rafin a kan wani itace da ya faɗi, ina jin kamar gurnanin yana bayana har yanzu. Rana ta yi ja sa'ad da muka ji warin hayaƙi. Bukkoki ne huɗu na ganye a bakin gonar rogo. Mata suka fito, suka gane 'yarsu, aka yi ta magana da yarensu wanda ba na ji. Ina tsaye ina duban bakinsu. Na ji Mai Ganye ta ambaci goro, ta kwatanta keke da hannu. Wata tsohuwa ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta juya ta ƙwala kira.

Wani dattijo ya fito daga bukkar ƙarshe yana dogara sanda. Shi ne mai itatuwan goron. Da Sango ya yi mini magana. Ya ce, “Ke ce matarsa? To zo ki ɗauki kayanki, ya ishe mu. Kwana huɗu ba ya cin abin tukunyarmu, wai ya ga abin da muka dafa a ciki. Sai gasasshen rogo da goro, kamar biri.”

Ban gane ba sai da ya maimaita.

Malam yana kwance a kan ganyen ayaba, fuskarsa a kumbure gefe ɗaya, ƙafarsa ta dama an ɗaure ta da ɓawon itace. A hanyar dawowa masu bindiga suka tare shi, suka karɓe keken da goron, suka buge shi da gindin bindiga, da hankalinsu ya koma kan wata mota ya ja jiki ya faɗa ciyawa. Wuni guda ya yi yana jan ƙafar nan kafin mutanen dattijon su tsince shi. Wannan duk daga baya na ji. A lokacin dai ya buɗe ido ɗaya ya dube ni a bakin bukka, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, “Ina mayafinki?”

Na durƙusa. Ya miƙo hannu zai kama nawa, na janye. Na ce, “Malam, kada ka taɓa ni tukuna, hannuna ba tsarki.” Ya ce me na taɓa. Na ce zan faɗa masa, ba yau ba.

Na fita bayan bukka. Mai Ganye ta kawo ruwa a ƙwarya tana zuba mini, ina cuɗa hannuwana da yashi, sau bakwai nake son in yi kamar yadda aka koya mana. Ƙasar ta shige ƙarƙashin farce, inda ya karye yana zafi. Ta cikin ganyen bukkar ina jin tarinsa, yana tambayar dattijon ko da wa na zo, wa ya bar ni na fito, yaran fa. In na kai uku ko huɗu sai ya yi tari, in tsaya in saurara, ƙirgen ya ɓace mini, in koma farko.

Mai Ganye ta ce, “Matar Malam, rafin nan da nisa fa. Wannan ce ƙwarya ta ƙarshe.”

Na ce ta zuba.